Baba Simon: Fadan da ya hau duwatsun Mandara ba takalmi

A maƙwabciyarmu Kamaru har yau ba a manta da marigayi Simon Mpeke ba. An haife shi a 1906 kusa da Edea a kudancin ƙasar, kuma yana cikin 'yan ƙasar takwas na farko da ɗarikar Katolika ta naɗa Fada a 1935. Bayan ya daɗe yana jagorantar cocin New-Bell a Duwala, a 1959 ya bar birni ya nufi arewa mai nisa, inda ya zauna a Tokombere cikin mutanen duwatsu da aka daɗe ana rainawa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ibadarsa ba ta tsaya cikin coci ba. Yakan daɗe yana addu'a shi kaɗai, sannan ya hau dutse ƙafa ba takalmi, ya zauna ya saurari tsofaffi, ya lallashi iyaye su sa yara makaranta. Da ya tarar sun riga sun san Mahalicci, bai raina su ba. Su kuwa suka riƙa kiransa Baba.

Ya rasu a Edea ranar 13 ga Agusta, 1975. A 2023 Fafaroma Francis ya tabbatar da nagartar halinsa, mataki a hanyar ayyana shi waliyyi.