Tarihin Rayuwar Marigayi Karel Ancerl, Jagoran Makaɗan Ƙasar Cek

A wannan karo mun kawo wa masu karatu taƙaitaccen tarihin Karel Ancerl, ɗaya daga cikin manyan jagororin kiɗan gargajiyar Turai, wanda ya fito daga ƙasar Cekoslobakiya. Wannan ƙasa ta rabu gida biyu a shekarar 1993, kuma mahaifarsa yanzu tana cikin Jamhuriyar Cek.

Kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata mu bayyana irin aikin da ya yi. A wannan kiɗa, ƙungiya guda takan ƙunshi makaɗa 80 zuwa 100: masu goge manya da ƙanana, masu busa sarewa da ƙaho, da masu ganguna, kowa da rubutaccen kiɗa a gabansa. Jagora ba ya kaɗa komai. Yana tsaye a gabansu riƙe da siririyar sanda, shi ke nuna inda za a fara, inda za a sassauta da inda za a ɗaga sauti. Mafi yawan aikinsa kuwa a wurin gwaji yake, tun kafin ranar da jama'a za su taru su saurara.

Haihuwa da Karatu

An haifi Karel Ancerl ranar 11 ga Afrilu, 1908, a ƙauyen Tucapy da ke kudancin yankin Bohemiya, a cikin iyalin Yahudawa masu rufin asiri. Ya yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta birnin Prag, inda ya koyi goge da tsara kiɗa da jagorancin makaɗa. Har ila yau ya ɗauki ilimi a wurin Vaclav Talich, babban jagoran ƙasar a wancan zamani, da kuma Bajamushe Hermann Scherchen, wanda ya yi wa mataimaki a birnin Munich a 1931. A farkon shekarun 1930 ya jagoranci makaɗan wani gidan wasan kwaikwayo a Prag, sannan a 1933 ya kama aiki a gidan rediyon ƙasar.

Zamanin Yaƙi

A watan Maris na 1939 sojojin Jamus ƙarƙashin Hitler suka mamaye ƙasar Cek, aka kori Ancerl daga aiki saboda shi Bayahude ne. A watan Nuwamba na 1942 aka kwashe shi da iyalinsa zuwa sansanin Terezin, kimanin kilomita 60 arewa da Prag. A cikin yunwa da cunkoso ya tattara fursunonin da suka iya goge, ya kafa ƙungiya, suna yi wa 'yan uwansu kiɗa.

Mahukuntan sansanin sun yi amfani da wannan ƙungiya don yaudarar duniya. A 1944 suka shirya fim na farfaganda domin nuna cewa Yahudawa na zaman jin daɗi a Terezin, aka ɗauki hoton Ancerl yana jagorantar wani kiɗa na Pavel Haas, wanda shi ma fursuna ne. Da aka gama ɗaukar fim, a watan Oktoba na shekarar aka tura su sansanin Auschwitz da ke ƙasar Polan. A nan aka kashe Haas, aka kashe matar Ancerl da ɗansa ƙarami wanda aka haifa a Terezin. Iyayensa ma ba su tsira daga wannan kisan ƙare dangi ba. Shi kuwa kwanansa na gaba, ya ga ƙarshen yaƙin a 1945.

Shugabancin Babbar Ƙungiyar Ƙasa

Bayan yaƙi ya koma bakin aiki, ya jagoranci makaɗan gidan rediyo daga 1947 zuwa 1950. A wannan tsakani ne, a 1948, 'yan kwaminis suka karɓi mulki, kuma Rafael Kubelik, shugaban babbar ƙungiyar makaɗan ƙasa da ake kira Filharmonik ta Cek, ya bar ƙasar. Wannan ƙungiya abin alfahari ce ga al'ummar Cek, domin mashahurin mai tsara kiɗa Antonin Dvorak ne ya jagoranci taronta na farko a 1896.

A watan Oktoba na 1950 aka naɗa Ancerl shugabanta. Makaɗan ba su karɓe shi hannu biyu ba, saboda ministan ilimi na gwamnatin kwaminis ne ya naɗa shi ba tare da jin ra'ayinsu ba. Bai nemi ya mallake su da ƙarfin ikon da ya kawo shi ba. Yakan zo wurin gwaji ya riga ya nazarci kiɗan ciki da waje, ya bi da su sashe sashe, a maimaita wuri guda har sai kowa ya faɗa a kan lokaci. Sannu ba ta hana zuwa. Da makaɗan suka ji yadda sautinsu ya gyaru, sai suka sallama masa.

Ya yi shekara 18 a kan wannan muƙami. A 1959 ya kai ƙungiyar doguwar ziyara zuwa Ostireliya, New Zealand, Jafan, Sin, Indiya da Tarayyar Sobiyet, a 1965 kuma zuwa Amurka da Kanada. Bugu da ƙari, ya ɗauki faifai masu yawa da kamfanin Supraphon, waɗanda suka haɗa da ayyukan 'yan ƙasarsa Smetana, Dvorak, Janacek da Martinu, da na Rashawa irin su Prokofiev da Shostakovich.

Barin Gida da Rasuwa

Ranar 12 ga Mayu, 1968, shi ne ya buɗe bikin kiɗa na shekara shekara na birnin Prag da shahararren aikin Smetana mai suna Ƙasata. Wata 3 bayan haka, ranar 21 ga Agusta, sojojin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye Cekoslobakiya don murƙushe sauye-sauyen da gwamnati ta fara. Mutumin da ya ɗanɗana mamayar farko bai yarda ya zauna ƙarƙashin ta biyu ba. Ya ajiye muƙaminsa, Vaclav Neumann ya gaje shi. A 1969 ya jagoranci tsofaffin makaɗansa a karo na ƙarshe a Prag, sannan ya karɓi shugabancin ƙungiyar makaɗan birnin Toronto a Kanada.

A can ya rasu ranar 3 ga Yuli, 1973, yana da shekara 65, bayan fama da rashin lafiya. Kabarinsa yana maƙabartar Vysehrad a Prag, inda aka binne Smetana da Dvorak. Daga 2002 kamfanin Supraphon ya sake fitar da ayyukansa a jerin faifai 42.

Mun kawo wannan tarihi ne domin amfanin duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a. Takardar naɗi ce ta kawo Ancerl gaban makaɗan da ba su so shi, amma haƙuri da sanin aiki ne suka sa suka bi shi shekara 18, kuma ya bar wa magajinsa ƙungiyar da duniya ta san da zamanta.