Ju Si-gyeong: Malamin Ƙullin Littattafai Da Ya Tsara Nahawun Koriyanci

Idan kana cikin masu kwana kan fina-finan Koriya, ai ka san saranghae. Wataƙila kuma ka lura wani lokaci sai su ce saranghaeyo, wani lokaci saranghamnida. Duk “ina son ka” ne, amma wutsiyar kalmar ce ke nuna da wa kake magana: na farko na saurayi da budurwa ne ko aboki na kusa, na biyu da ladabi, na uku kuwa irin na taro ko gaban manya. Ka cire wannan -yo a gaban dattijo, to ka yi rashin kunya ke nan. Mutumin da ya zauna ya rarrabe waɗannan wutsiyoyi cikin tsari da harshen Koriya shi ne Ju Si-gyeong.

An haife shi a 1876 a lardin Hwanghae, wanda yau yake cikin Koriya ta Arewa. A zamaninsa masu ilimi da rubutun Sin suke tinƙaho. Haruffan da Sarki Sejong ya fitar tun 1446 kallon na mata da talakawa ake yi musu. Shi ma da karatun Sinanci ya fara, sai ya koma makarantar Baejae a Seoul, kuma a 1896 ya shiga aikin gyaran rubutu a jaridar Tongnip Sinmun, wadda ake bugawa da haruffan Koriya.

A littafinsa Gugeo Munbeop na 1910 ya kasa kalmomi gida tara, ya kuma raɗa musu sunaye da Koriyanci zalla, bai aro daga Sinanci ba. Uku daga ciki su ne ainihin ciwon kan mai koyo a yau: gyeot, ƙananan ɓaɓɓakun da ke manne wa suna, irin su -ga mai nuna wanda ya yi aiki da -reul mai nuna abin da aka yi wa, sai it, masu haɗa zance, sai kkeut, wutsiyar da ke rufe jimla. Ya kuma dage a riƙa rubuta saiwar kalma yadda take, ko da furucin ya sauya in an manna mata wutsiya. Shi ya sa in ka iya haruffan, kana ganin meok- na “ci” a meokda da meogeoyo da siffa ɗaya. Wallahi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A shekarar da littafin ya fito Japan ta haɗiye Koriya. Ju bai zauna ba, makaranta zuwa makaranta yake zagawa da ƙullin littattafai a hannu, har aka yi masa laƙabi da Ju Bottari, wato Ju mai ƙunshi. Sunan Hangul ma shi ake danganta wa. A 1911 ya fara haɗa ƙamus mai suna Malmoi da almajiransa, sai ya rasu ba zato a 1914, yana ɗan shekara 37, aikin bai kammala ba.

Almajiran ne suka ɗora. Ƙa'idar rubutu ta 1933 kan tafarkinsa aka gina ta. A 1942 'yan sandan Japan suka kama masu aikin ƙamus, biyu suka mutu a kurkuku, aka ƙwace takardun. A 1945 aka tsince su a wani sito na tashar jirgin ƙasa ta Seoul, kuma sai a 1957 kundin ƙarshe na babban ƙamus ɗin ya fito.