Tarihin Carl Scheele, Yaron Shagon Magani Da Ya Gano Iskar Kulorin

Yau tarihin wani Bature na kawo muku, wanda ya mutu shekara sama da 230 da suka wuce, amma aikinsa na cikin gidan kowannenmu. Bari in fara da yadda aka yi na san shi.

A bara da damina Baba ya sa ni wanke banɗakin gidanmu a Agege, saboda baƙi da za su sauka daga Arewa da motar shanu. Na zuba bilic, na ga dattin bai fita yadda nake so ba, sai na ƙara masa ruwan wanke masai mai asid. Wallahi ban ƙirga goma ba wani wari ya turnuƙe ni, ido na hawaye, ƙirji kamar an ɗaure shi da igiya. Da ƙyar na fito. Kwana biyu na yi ina tari. Mai kemis ɗin layinmu ne ya gaya mini cewa iskar da na shaƙa sunanta kulorin. Daga nan na shiga bincike a waya, har na kai ga wanda ya fara fitar da ita. Ashe shi ma yaron shago ne, ɗan ɗan kasuwa, bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba.

Sunansa Carl Wilhelm Scheele, ana furta shi Shele. An haife shi ranar 9 ga Disamba, 1742, a garin Stralsund. Yau garin yana cikin Jamus, amma a lokacin yana ƙarƙashin sarautar Suwidin. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai harkar hatsi, kuma ya samu karayar arziki tun Shele yana ƙarami. 'Ya'ya goma sha ɗaya ne a gidan, shi ne na bakwai. Duk wanda ya tashi a gidan fatauci ya san yadda gida ke komawa idan jari ya karye. Babu kuɗin dogon karatu, don haka yana da shekara 14 aka tura shi birnin Gotenbag koyon aiki a shagon haɗa magunguna na wani Martin Bauch.

Shekara takwas ya yi a wurin. Da rana yana daka magani, yana awo, yana wanke kwalabe. Da dare idan an rufe shago sai ya ɗauki littattafan ubangidansa na ilimin sinadarai, yana karantawa yana gwada abin da ya karanta da ragowar kayan shago. A 1765 ya koma Malmo, a 1768 ya koma Stokhom, a 1770 kuma ya sauka Upsala, ko'ina dai yaron wani ne. A Upsala ne ya haɗu da farfesa Torbern Bergman, wanda ya gane cewa wannan mai tsaron shagon ya san abin da malamai da yawa ba su sani ba.

Bergman ne ya ba shi shawarar ya binciki wani baƙin dutse da masu yin gilashi ke amfani da shi, wanda yau aka san da manganis a cikinsa. Shele ya daɗe a kansa. Cikin gwaje-gwajen, ya zuba wa garin dutsen asid ɗin da ake samu daga gishiri, ya ɗumama. Sai ga wata iska ta taso, launinta tsakanin kore da rawaya, warinta na shaƙe mutum. Ya lura tana kashe ƙwari, tana cin ƙarfe, tana kuma koɗar da launin ɗanyen ganye da furanni. Ya wallafa wannan a 1774. A cikin wannan binciken guda ya nuna akwai wasu sababbin abubuwa biyu, manganis da bariyam. Abokinsa Johan Gahn ne ya fitar da ƙarfen manganis ɗin a wannan shekarar.

Sai dai shi kansa bai san girman abin da ya kama ba. Bisa fahimtar zamaninsu, ya ɗauka asid ɗin ne aka zare wa wani abu. Sai a 1810 wani ɗan Ingila, Humphry Davy, ya tabbatar cewa iskar sinadari ce ta asali, wato irin wanda ba a iya raba shi zuwa wani abu dabam. Shi ya raɗa mata suna kulorin, daga kalmar Girkanci mai nufin launin kore mai haske. Davy ɗin nan kuma shi ne a 1807 ya fitar da sodiyam ta hanyar lantarki.

To a nan ne abin ya taɓa ni. Gishirin da muke zubawa a miya, wanda shanunmu ke lasa, wanda ake barbaɗa wa ƙirgi don kada ya ruɓe kafin ya kai majema, haɗin waɗannan biyun ne. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da ke iya kamawa da wuta idan ya faɗa ruwa. Kulorin iska ce mai guba. Amma da suka haɗu sai suka zama abin da rai ba ya yi sai da shi. A kowane kilo 10 na gishiri, kusan kilo 6 kulorin ne. Asid ɗin da Shele ya zuba wa dutsen ma, irinsa ne a cikina da cikinka da cikin saniya, yana taimakawa wurin narkar da abinci. Ikon Allah ke nan.

Idan kulorin ya haɗu da wani sinadari irin haka, ana ce wa haɗin kulorayid, kuma suna da yawa. Na fotasiyam yana shiga takin zamani. Na zink da na amoniya suna cikin batirin tocila da rediyo, tare da garin baƙin dutsen nan na Shele. Na ƙarfe ana zuba shi a ruwa mai dauɗa don laka ta kwanta. Na azurfa kuwa, Shele da kansa ya nuna cewa haske na mayar da shi baƙi, kuma irin wannan sanin ne daga baya ya zama tushen ɗaukar hoto.

Kamfanoni a yau ba sa bin hanyar baƙin dutse. Ruwan gishiri suke ratsawa da wutar lantarki, sai su samu abu uku: kulorin, da haidrojin, da soda mai ƙuna da ake yin sabulu da ita. Daga kulorin ɗin ake yin robar PVC ta bututun ruwa da rufin wayar wuta, wadda fiye da rabin nauyinta kulorin ne. Bilic kuma ya samo asali tun 1785, lokacin da Bafaranshe Claude Berthollet ya fara faranta yadi da shi, sannan a 1799 Charles Tennant ya yi garin bilic a Gilasgo. A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba kulorin a ruwan famfo kullum, kuma wannan dabarar ta rage taifot da kwalara a duniya ba kaɗan ba. Amma ɗan Adam ɗan Adam ne. Ranar 22 ga Afrilu, 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus sun saki wannan iskar a kan abokan gabarsu kusa da garin Ypres na Beljiyam.

Mu koma kan mutuminmu. Wasu ayyukansa kamar a kara aka yi su. Shi da Gahn suka nuna cewa akwai fosfaras a cikin ƙashi, Shele ya samo hanyar fitar da shi. A 1780 ya ware asid ɗin da ke sa nono ya yi tsami. A 1784 ya ware na lemon tsami. Tun wajen 1772 ya fitar da iskar oksijin da muke shaƙa, kafin kowa. Sai dai littafinsa ya maƙale, bai fito ba sai 1777, lokacin Joseph Priestley na Ingila ya riga ya sanar da nasa. Ya rubuta wa babban masanin Faransa Lavoisier wasiƙa a kan maganar a 1774, bai samu amsa ba. Wani ya kiwata, wani ya kai kasuwa.

Duk da haka ƙasarsa ta san darajarsa. A watan Fabrairun 1775 Majalisar Masana Kimiyya ta Suwidin ta zaɓe shi mamba, yana nan a matsayin mataimaki a shago. A wannan shekarar ya koma wani ƙaramin gari mai suna Koping, ya karɓi riƙon shagon wani mai magani da ya mutu ya bar mata da bashi. An yi masa tayin aiki a Balin, ya ƙi tafiya. Ya zauna yana biyan bashin shago, yana gwaje-gwajensa a wani ɗaki a bayan gida.

Inda ya yi sake shi ne lafiyarsa. Yana da al'adar sansana abin da ya haɗa, har ya ɗanɗana, ga shi yana aiki da guba iri-iri kamar arsenik da zaiba. Wani koren fenti da ya ƙirƙiro a 1775, wanda Turawa suka yi ta shafa wa takardar bango da tufafi, shi ma arsenik ne a ciki, ya kuma cutar da mutane daga baya. Jikinsa ya fara gazawa tun yana da sauran ƙuruciya, kuma masana da yawa na ganin gubar ce ta taru. Da ya ga ciwo ya ci ƙarfinsa, sai ya auri matar marigayin nan domin shagon da dukiyarsa su zama nata. Bayan kwana biyu, ranar 21 ga Mayu, 1786, ya mutu yana da shekara 43.

Ni da na tsaya a sakandare na bi Baba kara, na daɗe ina ganin ilimin kimiyya na wasu ne. Tarihin Shele ya sa na ji kunyar wannan tunanin. Shi kwalaben shagon ubangidansa ya samu, ni kuwa ga waya a hannuna. Yanzu idan na dawo daga kasuwa nakan ɗauki tsohon littafin kemistirina in duba shafi biyu kafin barci ya ɗauke ni.

Sannan ina roƙon iyayenmu mata da samarin da ke wanke mahauta da banɗaki: kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko ruwan batir, ko wani maganin wanki. A sirka shi da ruwa kawai, a bar ƙofa da taga a buɗe. Idan warin ya turnuƙe mutum ya fita waje nan take, idan numfashi ya ƙi daidaita a kai shi asibiti. Kada kuma a zuba bilic a gorar ruwan sha a ajiye inda yara ke kaiwa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kare mu da iyalanmu a wannan zama na Kudu.