Ernie Davis: Yaro mai i'ina da ya kai Syracuse ga zama zakara a 1959

Sunan Ernie Davis na fara cin karo da shi ne a wani fim mai suna The Express, wanda ya fito a 2008. Abin da ya riƙe ni tun farko ba ƙwallon ba ne, i'inar yaron ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san irin wannan ɗalibin: ya san amsa sarai, amma ba zai ɗaga hannu ba don gudun dariya. Shi ya sa na bi tarihinsa, don fim ba ya rasa ƙarin gishiri.

An haife shi ranar 14 ga Disamba 1939 a jihar Pennsylvania ta Amurka. Mahaifinsa ya rasu yana jariri, kakanninsa na wajen uwa suka riƙe shi a Uniontown, garin masu haƙar kwal. Yana ɗan shekara 12 ya koma wurin mahaifiyarsa a Elmira, jihar New York, inda ya yi fice a sakandare a ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka.

To, bari in yi ɗan bayani, don kada a ɗauka irin ƙwallon da muke bugawa ce. Tasu doguwa ce kamar ƙwai, a hannu ake rungumar ta a ruga, abokan hamayya na ƙoƙarin kayar da mutum ƙasa. In ka kai ta ƙarshen fili, maki shida ne. Aikin Davis ke nan, ɗauka da gudu. Kuma a can wasan jami'o'i ba ƙaramin abu ba ne, filaye cika suke yi maƙil.

A 1958 ya shiga Jami'ar Syracuse. Jim Brown, tsohon gwarzon jami'ar, na cikin waɗanda suka lallashe shi ya zo, aka kuma ba shi lambar rigar Brown, wato 44. Doka a lokacin ta hana 'yan shekarar farko buga wa babbar ƙungiya, saboda haka kakar 1959 ce ta farko gare shi, ƙarƙashin koci Ben Schwartzwalder. Wasa goma suka buga, suka cinye duka. A zamanin babu wasan ƙarshe na fitar da gwani. 'Yan jarida da masu horarwa ne ke kaɗa ƙuri'a, kuma duk suka ba Syracuse matsayi na ɗaya. Saura kawai su nuna ba alfarma aka yi musu ba, a wasan Cotton Bowl da Jami'ar Texas, ranar 1 ga Janairu 1960, a birnin Dallas.

Nan ne fa labarin yake. Dallas a kudu take, inda wariyar launin fata ke da ƙarfi, kuma babu baƙar fata ko ɗaya a ƙungiyar Texas. Syracuse ta zo da nata: Davis, Art Baker da John Brown. Davis kuwa ya shiga fili da ciwon tsokar bayan cinya. Duk da haka, ana fara wasa ba da jimawa ba Gerhard Schwedes ya jefa masa ƙwallo, ya cafke ya kai ta ƙarshen fili, tazarar yadi 87 gaba ɗaya. Ya ƙara ci na biyu, ya kuma tare wata ƙwallo da Texas ta jefa. Kafin hutun rabin lokaci dambe ya kaure, 'yan Syracuse suka ce zagin launin fata ne ya jawo. An tashi 23 da 14, aka zaɓi Davis gwarzon wasan. Shekarunsa 20 da 'yan kwanaki.

Da dare aka yi liyafa. Baƙaƙen 'yan wasan sun ci abinci, an miƙa kyaututtuka, sannan aka nuna musu ƙofa kafin a shiga sauran shagalin. Ka ji fa: gwarzon rana, amma bai isa ya zauna a bikin da shi ya jawo shi ba. A ganina wannan daren ya fi dukan makin da ya ci bayyana irin Amurkar da ya rayu a ciki. Har yau kuma Syracuse ba ta sake zama zakarar ƙasa a wannan wasa ba.

A 1961 ya lashe kyautar Heisman, wadda ake ba ɗan wasan jami'a mafi ƙwazo, baƙar fata na farko da ya samu. Shugaba Kennedy ya gaisa da shi a New York. Ƙungiyar Washington, wadda ita ce ta ƙarshe a gasar ƙwararru da ba ta da baƙin ɗan wasa, ta zaɓe shi na farko, sannan ta yi musayarsa da Cleveland Browns, inda zai haɗu da Jim Brown. Ya kuma kammala digirinsa a fannin tattalin arziki a 1962, abin da masu ba da labarinsa kan tsallake, ni kuwa ba zan tsallake ba.

A tsakiyar shekarar, yana atisayen wasan taurarin jami'o'i, jikinsa ya ƙi daɗi. Gwaji ya nuna sankarar jini ce. Bai taɓa buga wa Cleveland wasa ko ɗaya ba. Sau ɗaya ya fito fili, a watan Agusta, aka haska shi da fitila, jama'a suka miƙe suna tafi. A watannin jinya ma bai zauna ba. Ya taimaka wajen jawo wani yaro, Floyd Little, zuwa Syracuse, wanda shi ma ya gaji lamba 44.

Ya rasu a asibiti a Cleveland ranar 18 ga Mayu 1963, yana da shekara 23. An binne shi a Elmira, dubban mutane suka halarta. Cleveland ta jingine lamba 45 da ta ba shi, ba a sake ba kowa ita ba.