Percy Julian: Jikan bayi da ya samo maganin kumburi daga waken suya

Waken suyan da ake awara da shi a Magaria da Dungass yana da hannu a tarihin magungunan kumburi, ta hanyar wani baƙar fata Ba'amurke mai suna Percy Julian.

An haife shi ranar 11 ga Afrilun 1899 a Montgomery, jihar Alabama, kuma kakanninsa bayi ne. Ya zo na ɗaya a ajinsu a jami'ar DePauw a 1920, ya yi digirin digirgir a Vienna a 1931. A 1935 ya haɗa sinadarin physostigmine a ɗakin gwaji, wanda a da sai daga waken Kalaba na kudancin Najeriya ake samunsa, ana amfani da shi wajen ciwon hawan jinin ido. Duk da haka DePauw ba ta ba shi kujerar farfesa ba, saboda launin fatarsa.

Sai ya koma kamfanin Glidden a Chicago a 1936. Wata rana ruwa ya yoyo cikin tankin man waken suya, wani farin abu ya taru a ƙasa. Wani zai ce an yi asara. Julian ya gane sinadaran da ake gina magunguna a kansu ne.

A 1949 likitocin asibitin Mayo suka nuna cewa cortisone na sauƙaƙa amosanin gaɓɓai. Matsalar ita ce tsada, don daga matsarmamar shanu ake yinsa. Julian ya sarrafa sinadaran waken suya ya samar da Substance S, wanda ƙwayar iskar oksijin ɗaya tak ta raba shi da hydrocortisone. Irin waɗannan magunguna suna danne enzayim na phospholipase A2 da COX-2, masu haɗa sinadaran da ke jawo kumburi da zogi. Danginsu ne dexamethasone, da wasu ke sha yau ba da izinin likita ba don su yi ƙiba, abin da kan jawo ciwon suga da hawan jini.

Nasara ba ta kare shi ba. Da ya sayi gida a unguwar fararen fata ta Oak Park a 1950, an yi yunƙurin ƙona gidan, a 1951 kuma aka jefa masa nakiya. Bai tashi ba.

Ya kafa kamfaninsa, Julian Laboratories, ya sayar da shi a 1961 kan sama da dala miliyan 2. Ya rasu ranar 19 ga Afrilun 1975 sakamakon kansar hanta.