Alhassan Ɗantata, Attajirin Da Ya Raya Unguwar Sarari

Sunan Ɗantata daga wata mata ya samo asali, Tata, baiwar gidan da ta rene shi bayan mahaifinsa Abdullahi, bafataken Agalawa, ya rasu yana yaro ƙarami, mahaifiyarsa Amarya kuma ta koma Accra da kasuwancinta. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877. Maraici ya same shi da wuri, sannan Basasar Kano ta 1893 ta rutsa da shi da 'yan'uwansa, aka kama su, sai da suka fanshi kansu.

Da goro ya fara. Ya bi hanyar Gwanja kamar iyayensa, amma ya lura da abin da sauran fatake suka yi jinkirin gani: jirgin ruwa daga Accra zuwa Ikko ya fi ayarin jakuna sauri nesa ba kusa ba. Da layin dogo ya iso Kano, kasuwar gyaɗa ta buɗe, a 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Niger, wanda daga baya ya narke cikin UAC. Dalar gyaɗa da hotonta ya zama tambarin arzikin Arewa, da buhunansa aka tayar da yawancinta a farkon lamari. Labarin raƙuma ashirin ɗauke da kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929 kuwa, har yau Kanawa ba su gaji da ba da shi ba.

Sai dai a ganina ginin da ya fi dalar gyaɗa ƙarko shi ne wanda ya yi a Sarari, gefen Koki. Fili ya saya tun wurin bai cika ba, ya yi ta gina gidaje, na matansa da 'ya'yansa, na dangi, na barori da yaran shago, har wurin ya zama unguwa sukutum. Yaron da aka rena a hannun wadda ba ta haife shi ba, shi ne ya wayi gari yana tsugunar da waɗanda bai haifa ba. Yakan ba amintattunsa jari su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, da yawansu suka tsaya da ƙafarsu. Ya biya wa mutane kujerar Makka, ya ciyar da malamai da almajirai, alhali shi kansa an san shi da tsimi da ƙin almubazzaranci. Wanda ya taɓa riƙe baitulmalin wani zai gane wuyar haɗa kyauta da lissafi a hannu guda.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, abin da ya dame shi shi ne kada gado ya wargaza gidan, kamar yadda ya sha cinye dukiyar manyan fatake da zarar an yi sadakar arba'in. Ya tara 'ya'yansa da mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasiyya su riƙe kamfanin a dunƙule, su kuma riƙe zumunci. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, aka yi masa makwanci a gidansa na Sarari, Allah ya jiƙansa.

Ahmadu, Sanusi, Mamuda da Aminu suka ci gaba da harkar, ta faɗaɗa zuwa sufuri da kwangilar gine-gine da hanyoyi. Mariya 'yar Sanusi ita ce ta haifi Aliko Ɗangote.