Aina Onabolu, Mai Zanen Hoto

An haifi Aina Onabolu a garin Ijebu-Ode, cikin ƙasar Yarabawa, a shekarar 1882. Tun yana yaro ba abin da ya ke so kamar zane. A zamanin nan kuwa ba a koyar da wannan sana'a a makarantun Nijeriya. Har ma Turawa da yawa suna zaton baƙar fata ba ya iya zana mutum ya fito da kamanninsa sosai.

Aina bai sami malami ba, amma bai fid da rai ba. Sai ya riƙa neman jaridu da littattafan Turai, yana duban hotunan da ke ciki, yana kwaikwayonsu. Da ya ƙare makaranta a Ikko ya kama aikin akawu. In ya tashi daga ofis sai ya koma kan zanensa. A 1906 ya zana matar Spencer Savage, hoton da har yau a ke ambatonsa.

Duk da haka ya san da sauran abin da bai sani ba. Saboda haka a 1920, yana da shekara wajen 38, ya tafi Ingila ya shiga makarantar zane a Landan. Ya kuma yi karatu a wata da a ke kira Julian, a birnin Faris ta ƙasar Faransa. Can ya ƙware a kan ƙirar jikin mutum, da yadda abin da ke nesa ya kan ƙanƙance a ido.

A 1922 ya komo gida da takardar shaida. Bai ɓoye iliminsa ba. Ya riƙa zaga makarantun Ikko yana koya wa yara, yana kuma roƙon gwamnati ta sa zane cikin darussa. Saboda naciyarsa aka kawo wani malami Bature, Kenneth Murray, a 1927.

Daga nan koyon zane ya yi ta yaɗuwa. A 1955 aka kawo sashen koyar da shi Zariya, yana nan a Samaru cikin Jami'ar Ahmadu Bello.

Aina ya rasu a 1963. Yara, ku dubi wannan mutum. Rashin malami bai hana shi farawa ba, girma bai hana shi komawa aji ba. Gaskiyar Hausawa ce, gemu ba ya hana ilimi.